Masa ta ƙi tashi, gurasa ta koma faifai: ina neman shawara daga Abadin

Maman Hanifa, Abadin

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da yayyena mazauna ƙasashen waje. Na daɗe ina jinkirin kawo wannan tambaya saboda kunya, domin ni 'yar Bauchi ce, kuma a garinmu duk yarinyar da ba ta iya masa ba, ba a lissafa ta cikin waɗanda suka iya girki. Tun ina 'yar shekara 12 nake zama gaban tanda kusa da mahaifiyata, har ta kai da ido kaɗai nake gane ƙullin da ya yi da wanda yake buƙatar ƙarin lokaci. Yau wata biyar ke nan da na biyo maigidana zuwa Abadin, a arewacin Sikotilan, inda yake karatun digiri na uku, kuma a cikin waɗannan watanni na gwada masa sau huɗu, amma babu ko guda da zan iya miƙa wa baƙo ba tare da na sunkuyar da kai ba.

A karon farko na sayi shinkafa a babban kanti, wadda aka rubuta "easy cook" a jikin ledarta, na jiƙa ta tun bayan la'asar har wayewar gari, na markaɗa da albasa da 'yar dafaffiyar shinkafa kamar yadda muka saba. Duk da na daɗe ina markaɗawa har injin ya ɗauki zafi, ƙullin bai yi laushi ba, idan na murza shi tsakanin yatsu sai in ji shi kamar yashi, kuma launinsa ya karkata zuwa rawaya. Na zuba yis da sukari, na rufe, na bar shi a kicin ya kwana. Da asuba na tarar da shi daidai inda na bar shi, ko kumfa ɗaya babu. A karo na biyu na ce sanyi ne, saboda haka na ɗora robar a kan hitar bango, wadda ruwan zafi ke zagayawa a cikinta. Ƙasan ƙullin ya daskare kamar an fara talge, samansa kuwa ya tsaya da sanyinsa. A karo na uku na tuna cewa a gida mukan zuba ruwan kanwa, tun da kuwa ba ni da kanwa, sai na zuba bekin soda cokali biyu. Masar ta fito da duhu, tana ɗaci, tana ɗanɗanon sabulu, har 'yata mai shekara huɗu ta tofar ta tambaye ni ko magani na saka. Na huɗun ba zan ma kira shi masa ba, domin tandar alminiyon da na ɗauko tun daga Bauchi ta ƙi yin zafi a kan murhun gidan da muka koma, mai saman gilashi, dole na soya a faffaɗan kasko, abin ya fito tsakanin sinasir da wainar fulawa.

Matsala ta biyu ita ce gurasa. Maigidana Bakano ne, kuma tun da sanyi ya shigo, rana ta koma faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, babu abin da yake ambato irin bandashe. Muna da ƙuli-ƙuli da yaji da muka zo da su, gurasar ce kawai babu. Na kwaɓa fulawar da na samu, mai rubutun "self-raising", da yis da gishiri, na gasa a obin a kan digiri 180 na tsawon minti 40, domin na ga ta ƙi yin ja. Abin da na fitar ya bushe ƙamas, idan aka ƙwanƙwasa shi sai ya yi ƙara kamar faifai, kuma ko da na yayyafa ruwa bai risina ba. Da na sake gwadawa, na shafe tiren da mai sosai na ƙure wutar, sai hayaƙi ya turnuƙe, ƙararrawar gobara ta ɗauki kuka, maƙwabta suka fito tsakar dare da rigunan barci.

Ina roƙon waɗanda suka riga ni zama a irin wannan ƙasa su faɗa mini inda kuskuren yake. Shinkafar ce, ko sanyin ne, ko kuwa hannuna ne ya manta? Azumi yana matsowa, kuma ba na so mu sha ruwa wata guda da burodin kanti.

Hajiya Babba, Bamingam

Wa alaikumus salam, 'yata. Ki kwantar da hankalinki, hannunki bai manta komai ba. Shekarata 19 a Ingila, kuma sai da na zubar da ƙulli ya fi sau goma kafin na gane cewa abin da muka koya a gida ba girki kaɗai ba ne, mun koye shi ne tare da zafin garinmu da irin shinkafar kasuwarmu, waɗanda ba su biyo mu cikin jirgi ba.

Babban laifin na shinkafar ne. Duk wadda aka rubuta wa "easy cook" ko "parboiled" turararriya ce, wato an dafa ta rabi tun tana cikin ɓawonta kafin a shanya a casa, irin wadda muke dafa-duka da ita. Wannan turarawa ce take sa ƙwayarta ta yi tauri da launin rawaya, ta ƙi caɓewa a tukunya, kuma dalilin da ya sa ta yi kyau a dafa-duka shi ne dalilin da ya sa ba za ta taɓa yin masa ko tuwo ba. Ko kwana uku kika jiƙa ta, yashin nan da kika ji ba zai tafi ba. Abin da kike nema shi ne ɗanyar farar shinkafa wadda ba a turara ba. A manyan kantuna ki duba wajen kayan zaƙi, za ki ga 'yar ƙaramar leda mai rubutun "pudding rice", gajeriya ce mai danƙo, ita ce ta fi kusa da shinkafar tuwo, sai dai tana da tsada idan da yawa za ki yi. A shagunan mutanen Asiya kuwa akwai karyayyiyar shinkafar Tailan mai ƙamshi, ana sayar da ita a buhu mai kilo 5 ko 10, kuma ita nake amfani da ita shekara da shekaru, ga masa ga tuwo ga sinasir. Ki yi hattara da wadda Indiyawa suke kira shinkafar idli. Mai shago zai iya miƙo miki ita da zarar kin kwatanta masa abin da za ki yi, domin idli ɗinsu ya yi kama da masa, amma ita ma yawanci turararriya ce, kuma su da wani irin wake suke haɗa ta, shi ne yake riƙe musu ƙullin.

Sai batun ɗumi. A Bauchi ko Zariya, inda na taso, ɗakin girki yakan kwana da ɗuminsa mafi yawan shekara, shi ya sa ake rufe ƙulli a tafi barci a tashi ya cika roba. A nan kuwa idan aka kashe hita da dare, kicin yakan sauka zuwa digiri 14 ko 15, kuma a irin wannan sanyi yis ba ya mutuwa, barci yake yi. Hitar bango kuma ta wuce gona da iri, domin jikinta yakan kai digiri 60 ko fiye, wanda ya isa ya kashe yis ya kuma fara dafa ƙasan ƙullin, kamar yadda kika gani da idonki. Abin da nake yi shi ne in tafasa ruwa a buta, in zuba a kwano, in ajiye shi a ƙasan obin ba tare da na kunna ba, in ɗora robar ƙullin a kan ragar sama, in rufe ƙofa. A cikin awa uku zuwa huɗu yakan tashi. Idan ina son tsamin nan na masar gida, sai in zuba yogot marar sukari cokali uku tun wajen markaɗe a madadin nono, in rage yis, in bar shi ya kwana a ciki.

Ga awon da nake bi, kuma ina ba ki shawarar ki sayi ƙaramin sikeli ki daina dogara da gwangwanin madara, tun da gwangwanayen nan ba girmansu ɗaya da na gida ba. Ɗanyar shinkafa giram 500, a jiƙa awa shida zuwa takwas. Dafaffiya luguf kamar cikin ludayi biyu. Albasa ƙarama guda. Yis ƙaramin cokali ɗaya da rabi. Sukari babban cokali biyu. Gishiri da sauran sukari sai bayan ya tashi. Ruwan markaɗe ya zama mai ɗumin da za ki iya yi wa jariri wanka da shi, kada ya wuce haka. Kafin ki zuba yis ɗin, ki jiƙa shi a ɗan ruwan ɗumi da sukari na minti goma, idan bai yi kumfa ba ki zubar ki buɗe sabo, domin wanda aka buɗe aka bari a kabad yakan mutu ba tare da ya canza kama ba.

Bekin soda kuwa, ni dai na ce ki rabu da shi gaba ɗaya. Ya ɓata mini abinci da yawa a shekarun farko, har na daina ajiye shi a gidana. Ƙaramin cokali ɗaya na bekin hoda daf da suya ya wadatar.

Game da tanda, murhun da kika kwatanta da maganaɗisu yake aiki, ba ya gane alminiyon ko tukunyar ƙasa. Ki ɗauki maganaɗisun da ake mannawa a ƙofar firij, duk kaskon da ya manne a gindinsa zai yi aiki, wanda bai manne ba kada ki ɓata kuɗinki. Mutanen Denmak suna da kaskon baƙin ƙarfe mai gurbi bakwai da suke soya wata wainarsu ta lokacin sanyi, ana samun sa a intanet, kuma gurabensa sun yi kusa da na tandarmu. Ki nemi mai shimfiɗaɗɗen gindi. Na Indiyawa ma yana yi, sai dai gurabensa ƙanana ne, masar takan fito kamar ta wasan yara.

Ɗalibi a Jamus

Assalamu alaikum. Ina neman afuwar iyaye mata da na tsoma baki a fagen da ba nawa ba, amma zaman gwauro na shekara huɗu a birnin Kolon ya tilasta mini koyon gurasa, kuma karatuna na kimiyyar haɗa sinadarai ya sa nakan tsaya in binciki dalilin kowace ɓarna da na yi. Hajiya Babba ta gama magana a kan masa, ni a kan gurasar zan tsaya.

Malama, kuskure biyu ne suka haɗu. Na farko fulawar. Wadda kika saya an riga an gauraya ta da bekin hoda, kuma daga alkama mai laushi aka niƙa ta domin kek, saboda haka ba ta da isasshen danƙon da zai riƙe iskar da yis yake fitarwa. A gida ba mu san wannan bambanci ba, domin fulawar da ake auna mana a mudu yawanci daga buhun masu gidan burodi take fitowa, mai ƙarfi ce, ita muke yin komai da ita. A Birtaniya ki nemi wadda aka rubuta wa "strong white", ki juya bayan ledar ki duba furotin, ya kasance giram 12 ko fiye a cikin kowane giram 100. Ga waɗanda suke nan Jamus, lamba ake bi: 405 ta kek ce, 550 ita ce ta burodi da gurasa, 1050 kuma ta fi duhu da dusa. A Faransa makamantansu su ne T45 da T55. Ni da 405 na fara, na yi wata biyu ina cin abin da ya fi kama da biskit.

Na biyu, wanda ya fi girma, shi ne wuta. Tanderun da matan Jakara suke gasa gurasa a cikinsa tukunyar ƙasa ce da aka hura wa wuta har jikinta ya ɗauki zafi mai tsanani, ana manna kwaɓin a bangonta, ya gasu a cikin 'yan mintoci. Wannan zafi na farat ɗaya shi yake sa ruwan cikin kwaɓin ya koma tururi ya kumbura ta, bayanta ya yi ja alhali cikinta yana da laushi. Digiri 180 na minti 40 kuwa shanya ce, ba gashi ba, balle idan obin ɗin mai fanka ne, wanda yake busa iska mai zafi yana ƙara tsotse danshi. Haka ake yin gasasshen burodin da ake ajiyewa wata da watanni, shi ya sa taki ta ƙi risina ko da kin yayyafa ruwa.

Ga yadda nake yi. Fulawa giram 500, ruwan ɗumi mililita 350, yis ƙunshi ɗaya mai giram 7, gishiri giram 8, sukari ƙaramin cokali. Kwaɓin zai yi laushi yana manne wa hannu, kuma a nan ne mutum yake jin kamar ya ƙara fulawa, to kada a ƙara, a jiƙa hannu da ruwa a ci gaba da bugawa minti goma. A bar shi ya ninka, a raba gida shida, a bar su su huta minti 20. Tun kafin nan an saka tire mafi kauri da ake da shi a ragar sama, a kife, an ƙure obin zuwa iyakarsa, wanda a yawancin gidaje digiri 250 ne, an bar shi rabin awa cur yana ɗaukar zafi. A faɗaɗa kwaɓin da jiƙaƙƙen hannu, kaurinsa kamar yatsa, a ɗora a kan tiren mai zafi, a rufe. Minti biyar zuwa shida ya isa. Da an fitar a naɗe a tsumma mai tsabta, domin tururin da take fitarwa shi ne zai tausasa ɓawon.

Kada a shafa mai ko kaɗan a tiren. Man girki yakan fara hayaƙi tun kafin ya kai digiri 250, kuma shi ne ya tayar da maƙwabtanki. Idan ana tsoron mannewa, a barbaɗa ɗan garin semolina a ƙasan kwaɓin. Ina kuma roƙon kada a bi shawarar masu cewa a cire batirin ƙararrawar ko a rufe ta da leda kafin a fara girki, domin mutum yakan manta bai mayar ba. A buɗe taga, a kunna fankar da ke saman murhu, a rufe ƙofar kicin.

Idan duk wannan ya yi yawa a ranar aiki, burodin tanderu da Pakistanawa da Afganawa suke gasawa a shagunansu, wanda suke kira nan, ɗan'uwan gurasa ne na kusa, kuma wanda ba a shafa wa man shanu da tafarnuwa ba yana karɓar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa yadda ya kamata.

'Yar Maraɗi, Liyon, Faransa

Salamu alaikum. Sannu ƙanwata da wannan jarrabawa, dukanmu mun bi ta wannan hanya. Ina tare da Hajiya a kan shinkafa da ɗumi, amma da izininta zan saɓa mata a kan bekin soda, domin a ganina an ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Mu tuna dalilin da ya sa iyayenmu suke zuba ruwan kanwa. Ƙullin da ya kwana a zafi yakan yi tsami sosai, kanwa kuma aikinta shi ne ta kashe wani ɓangare na tsamin, kuma a wajen wannan haɗuwa ne kumfa take tashi, masar ta yi sakayau. Bekin soda ɗan gidan su kanwa ne, aikinsu ɗaya, sai dai shi tatacce ne, babu ƙasa ko yashi a cikinsa. Ƙullin ƙanwarmu bai tashi ba, bai yi tsami ba, saboda haka sodan bai sami abin da zai kashe ba, ya zauna a ciki da ɗacinsa, ga shi kuma cokali biyu ta zuba, wanda ya isa ƙullin gidan biki. Idan ƙulli ya kwana ya yi tsami, musamman wanda aka saka wa yogot, rubu'in ƙaramin cokali da aka narkar a ruwa ya ishi shinkafa rabin kilo. A zuba kaɗan, a juya, a ɗanɗana a harshe, a soya guda ɗaya a gani kafin a ƙara. Bekin hoda kuma da Hajiya ta ambata, soda ne da aka riga aka haɗa shi da nasa tsamin, shi ya sa ba ya ɗaci da wuri, amma kuma ba ya rage tsamin ƙulli. Kowanne da wurinsa.

Tun da azumi ake shiri, bari in ƙara da abin da za a ci masar da shi, domin ni a nan na fi shan wuya. A shekarata ta farko kukar da na zo da ita ta ƙare, sai na ga garin kuka a wani shagon kayan gina jiki, da hoton bishiyar a jiki, na saya da tsada ina murna. Da na buɗe na ga garin fari-fari ne, amma na ce wataƙila irin sarrafawar Turawa ce. Na kaɗa miya da daddawa da busasshen kifi, ta fito tsululu, ba yauƙi, ga tsami kamar an matse lemo. Ashe garin 'ya'yan kuka ne, wanda muke tsotsa muna yara, su kuma suna zuba shi a abin sha. Garin ganyen yana shagunan mutanen Senegal da Mali, kuma Senegalawa lalo suke kiran sa, abin da ya ƙara rikita ni, tun da a wajenmu lalo wani ganye ne daban, wanda Larabawa suke kira mulukiya. Daddawa kuma a wajensu netetu ce ko sumbala, a shagunan Yarbawa iru.

Shagunan Indiyawa sun fi kowane wuri rufa mana asiri, idan mutum ya san sunayen. Gero shi ne bajra, dawa jowar, yakuwa gongura, tsamiya imli. Mu a Maraɗi masar gero muka fi sabawa da ita, kuma da garin bajra nake yin ta, in haɗa da kashi ɗaya cikin uku na shinkafa domin ta riƙe jikinta. Kabewar miyar taushe kuwa, doguwar nan mai siffar gora da ake samu a kowane kanti ta fi manyan zagayayyun zaƙi da kauri.

Amaryar Winifeg, Kanada

Assalamu alaikum. Tawa gudummawar gajeriya ce, kuma gargaɗi ce ga duk wadda za ta ƙetaro Kanada ko Amurka da littafin girkinta na gida. Obin ɗin nan da ma'aunin Faranhait yake aiki, ba Salsiyos ba. Sati biyu da zuwana na kwaɓa kek domin baƙin maigida, na saita 180 kamar yadda na saba a Kaduna, na zauna jira. Bayan awa biyu kwaɓin yana nan ruwa-ruwa, man ya taso sama yana ƙyalli, domin 180 a nan bai wuce digiri 82 a ma'aunin da muka sani ba, ko ruwa ba zai tafasa ba. Abin da ya kamata in saita shi ne 350. Na rubuta a takarda na manna a jikin kabad: 180 shi ne 350, 200 shi ne 400, 250 kuma wajen 480. A Birtaniya kuma idan obin ɗin na gas ne mai lambobi, lamba 4 ita ce 180, lamba 6 ita ce 200, idan mai fanka ne kuma a rage digiri 20 daga abin da aka rubuta domin kek.

Dabarar Hajiya ta kwanon ruwan zafi tana aiki ko a nan, inda sanyin waje yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili. Sai dai a liƙa takarda a jikin maɓallin obin ɗin, domin wata rana maigidana ya kunna shi zai ɗumama abinci bai duba ciki ba, robar ta narke tare da ƙullin.

Hajiya Babba, Bamingam

'Yar Maraɗi ta yi gaskiya, na karɓi gyara. Da na tuna, duk lokutan da soda ya ɓata mini masa, ƙullin gaggawa ne na awa biyu wanda bai yi tsami ba. Abu ɗaya zan ƙara, 'yata: idan wani zai taho daga gida, ki aika a kawo miki kuka da kuɓewa busasshiya da kanwa, amma kada ki ce a saka man shanu ko kilishi a jaka, domin dokar Birtaniya ta hana matafiyi daga Najeriya shigo da nama da duk abin da aka yi da madara, kuma ana ƙwacewa a filin jirgi. Man shanun ki yi abinki: ki narkar da bota marar gishiri a wuta kaɗan-kaɗan tare da yankakkiyar albasa har albasar ta yi ja, ki tace a kwalba.

Maman Hanifa, Abadin

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya jiƙan mahaifa. Na jira sai da na gwada kafin in dawo da bayani.

Ranar Juma'a na sami karyayyiyar shinkafar a wani shagon 'yan Asiya, na jiƙa da rana, na markaɗa bayan isha'i, kuma tun a wajen markaɗen na san an dace, domin ƙullin ya fito fari sol, yana zuba daga ludayi kamar kindirmo. Na saka yogot, na rage yis, na ajiye a obin tare da kwanon ruwan zafi, na kuma liƙa takarda a maɓalli kamar yadda Amarya ta ce. Kuskurena kawai shi ne robar da na zaɓa ta yi ƙanƙanta, domin ban yarda zai tashi sosai ba bayan abin da na gani sau huɗu. Da asuba na tarar ya ture murfin, ya gangaro ta cikin raga, ya cika kwanon ruwan da ke ƙasa. Na yi rabin awa ina goge obin ina dariya ni kaɗai. Wanda ya rage ya yi tsami sosai, sai na bi maganar Yaya 'yar Maraɗi, na narkar da soda a bakin cokali na zuba, nan take ƙullin ya yi kumfa, tsamin ya sauka daidai. Kaskon Denmak ɗin ya iso tun ranar Laraba. Zubin farko ya manne, na biyu ma haka, daga na uku ya fara saki, masar tana juyuwa da bakin cokali, gefenta ja, cikinta fari mai ƙofofi. Na ɗauki hoto na aika wa mahaifiyata, ta ce sun yi tudu da yawa kamar ƙwallo, in rage zubi.

Gurasar kuwa rabi aka samu. Na sayi fulawar da Malam ya ce, na bi awonsa, ƙararrawa ba ta yi kuka ba, kuma ta yi laushi har tana naɗuwa. Amma ƙasanta ne kawai ya yi ja, samanta ya tsaya fari, domin obin ɗinmu a 230 yake tsayawa. Maigida ya ci uku da ƙuli-ƙuli da albasa, ya ce ta yi, sai dai babu ƙamshin hayaƙin tanderu, na ce masa wannan sai ya jira hutun ƙarshen shekara. Malam, idan na kunna wutar sama ta obin a minti biyun ƙarshe domin saman ya yi ja, ba za ta sake bushewa ba? Ranar Asabar nake so in sake kwaɓawa.